Darasi: Yadda Ake Rina Katakon Ceri da Yi Masa Shafen Ƙarshe

Duk wanda ya fara riƙe sabon katakon ceri a hannunsa yakan yi mamaki, domin abin da yake gani bai yi kama da tebura da akwatunan ceri masu ja mai duhu da ya saba gani a hoto ba. Sabon yanka yakan fito fari-fari da ɗan surkin ja, kamar katakon da launinsa ya koɗe. A nan ne masu koyo da yawa suke yin kuskurensu na farko, su garzaya su ɗauko rini su malala masa, bayan mintuna kaɗan kuma su ga fuskar katakon ta yi dabbare-dabbare, nan baƙi can fari, aikin makonni ya lalace. Wannan darasi zai bayyana halin wannan katako, da yadda ake shirya shi, da lokacin da ya dace a rina shi, da kuma irin shafen da ke kare shi ba tare da ya rufe kyawunsa ba.

Sanin itacen kafin a taɓa shi

Yawancin katakon ceri da kafintoci ke aiki da shi yana fitowa ne daga itacen da masana tsirrai ke kira Prunus serotina, wanda ke tsirowa a dazuzzukan gabashin Amurka ta Arewa, kuma na jihar Fensilbaniya ya yi suna wajen kyau. Akwai ɗan'uwansa na Turai mai suna Prunus avium, wanda bai kai shi girma ba, launinsa kuma ya fi haske kaɗan, amma halinsu wajen shan rini kusan ɗaya ne. A ma'aunin taurin katako da ake kira Janka, inda babbar lamba ke nuna ƙarin tauri, ceri na Amurka yana da 950, katakon da ake kira jan ok yana da 1290, wanda ake kira mafal mai tauri kuma 1450. Ma'anar wannan ga mai aikin hannu ita ce ceri yana da daɗin sassaƙa da gogewa, sai dai abu mai nauyi idan ya faɗo masa yakan bar gurbi.

Idan aka duba faɗin katakon za a ga kashi biyu. Akwai zuciyar itace, wato ɓangaren tsakiya mai ja-ja, akwai kuma farin gefe, wato ɓangaren da ke kusa da ɓawo. Za a kuma ga wasu ƙananan baƙaƙen ɗigo da zane-zane nan da can, waɗanda ƙaron itacen ne ya daskare a ciki. Waɗannan ba aibi ba ne, kuma babu samfefar da za ta fitar da su, don haka kada a ɓata lokaci a kansu. Masu sanin katako ma da su suke gane ceri na gaskiya daga wani katakon da aka rina don ya yi kama da shi.

Haske shi ne marinin farko

Abu mafi muhimmanci a wannan darasi shi ne cewa ceri yana rina kansa da kansa. Da zarar haske da iska sun fara taɓa sabuwar fuskarsa, launinsa yakan fara nuna, daga fari-fari zuwa ruwan zuma, daga nan zuwa ja mai duhu mai zurfi. Mafi yawan wannan canji yana faruwa ne a cikin watanni shida zuwa shekara guda na farko, sannan ya ci gaba a hankali shekara da shekaru. Jan da ake sha'awa a tsofaffin kayan ceri, irin teburan da mabiya wata ɗariƙar Kirista da ake kira Shaker suka ƙera a Amurka a ƙarni na 19, yawancinsa aikin lokaci ne, kuma har yau babu rinin gwangwani da ya iya kwaikwayonsa sosai, domin rini yana zama a saman katako ne, shi kuwa wannan launi daga cikin katakon yake fitowa.

Mai gaggawa yana iya taimaka wa wannan canji. Bayan an gama goge aikin, kafin a shafa masa komai, sai a fitar da shi rana na kwana biyu zuwa mako guda, ana jujjuya shi domin kowane gefe ya sami rabonsa. Ana so a shigar da shi ciki kafin raɓa ta sauka, kuma idan zafin ranar ya yi tsanani kada a bar siririn katako yana gasuwa ta fuska ɗaya tsawon yini, domin zai iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ko a kwana biyun farko za a ga bambanci a fili.

Wannan hali yana da nasa illar. Duk abin da aka ɗora a kan sabon teburin ceri aka bar shi wuri ɗaya na makonni, ko littafi ne ko fitila, idan aka ɗaga shi za a tarar da siffarsa ta fito fari a kan teburin, saboda wurin bai sami haske ba. Tabon yakan ɓace da kansa idan aka bar wurin a buɗe, amma yana ɗaukar lokaci. Ya kamata kafinta ya gaya wa wanda ya sayi kayan wannan magana tun ranar da ya miƙa masa, ya ce ya riƙa sauya wa abubuwa wuri a shekarar farko. Shi kuwa farin gefe ba ya bin zuciyar itace wajen yin duhu, saboda haka bambancin da ke tsakaninsu ƙaruwa yake yi da shekaru. Wanda ba ya son wannan ratsi sai ya yanke farin gefen tun wajen fitar da katako, ko ya juya shi zuwa ciki ko ƙasan aikin inda ido ba ya kaiwa.

Gogewa da samfefa

Ceri yana saurin ƙonewa a bakin zarton inji ko wuƙar da ta dakushe, ya bar baƙin tabo a gefen yanka. Irin wannan tabo gara a kankare shi da ƙarfen kankara ko wuƙa mai kaifi kafin a ɗauki samfefa, domin idan aka nace da samfefa a wuri ɗaya sai a haƙa ɗan kwari wanda ba za a gani ba sai an shafa banish haske ya faɗa masa.

Lambar da ke bayan samfefa tana nuna laushinta: ƙaramar lamba mai kaushi ce, babbar lamba mai laushi. A fara da lamba 120, a bi da 150, sannan 180, a ƙare da 220, kuma kada a tsallake mataki, domin aikin kowace lamba shi ne share karcen da ta gabanta ta bari. Kullum a goga ana bin zaren katako, wato tsawon layukan da ke jikinsa. Karce ɗaya da ya gitta zare ba ya bayyana a busasshen katako, amma rini yana shiga cikinsa ya fito da shi kamar an ja layi da alƙalami. Wanda ya yi amfani da injin gogewa mai juyawa ya kamata ya yi gugar ƙarshe da hannu, da samfefar da aka naɗe a ɗan guntun katako mai shafaffiyar fuska. Bakin katako, wato inda aka datse zaren, ya fi ko'ina shan ruwa, don haka yakan fi sauran wurare duhu. A ƙara masa guga da lamba 320 domin ƙofofinsa su ɗan toshe. A sa takunkumi a duk lokacin wannan aiki, saboda ƙurar katako mai laushi tana cutar da huhu.

Bayan an share ƙura, akwai gwaji mai sauƙi da bai kamata a bari ba. A jiƙa tsumma da tina mai sauƙi irin wadda ake tsinka fentin mai da ita, a shafe fuskar katakon gaba ɗaya. Kafin ta bushe, katakon zai nuna yadda zai kasance bayan shafe: za a ga sauran karce, za a ga inda gam ya ɗiga ya bushe, wanda yakan fito fari domin ba ya barin komai ya shiga, za a kuma ga wuraren da za su yi dabbare-dabbare. Tinar za ta tashi ba ta bar komai ba, sai a gyara abin da aka gani. A kuma kiyaye kada a bar ƙusa ko wani ƙarfe a kan jiƙaƙƙen ceri, domin ƙarfe da danshi suna haɗuwa da sinadarin da ke cikin katakon su bar baƙin tabo.

Dalilin dabbare-dabbare da maganinsa

Zaren ceri ba a miƙe yake tafiya ba ko da ido ya ga kamar haka ne. Yana nutsewa yana tasowa kamar igiyar ruwa, kuma duk inda ya taso ya fuskanci sama, wurin yakan zama kamar bakin katako, ya zuƙe rini fiye da maƙwabcinsa. Wannan shi ne asalin dabbare-dabbare, kuma yawan guga ba ya kawar da shi, tun da a cikin halittar itacen yake. Hanyar da ta rage ita ce a rage wa katakon ƙishirwa kafin a ba shi rini.

Abin da aka fi amfani da shi don wannan shi ne tsinkakken shalak. Shalak wani ƙaro ne da wani ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a ƙasashen Indiya da Tailan, ana sayar da shi ɓarɓashi-ɓarɓashi, ana narkar da shi a sifirit. A nemi wanda aka cire wa kaki, domin mai kaki yana hana wasu nau'o'in banish kamawa. A zuba giram 60 zuwa 120 a cikin lita ɗaya ta sifirit, a rufe kwalbar, a riƙa girgiza ta lokaci-lokaci har ya narke, abin da kan ɗauki kamar kwana guda. A shafa sau ɗaya da burushi ko tsumma, da sauri ba tare da komawa inda aka wuce ba, a bar shi ya bushe kamar awa guda, sannan a ɗan shafa samfefa mai lamba 320 sama-sama. Wuraren masu ƙishirwa sun riga sun sha shalak sun ƙoshi, don haka idan rini ya zo zai kwanta kusan daidai a ko'ina. Sai dai launin zai fito da haske fiye da yadda zai yi a kan tsuran katako, kuma idan shalak ɗin ya yi kauri rinin ba zai kama ba sam. Narkakken shalak kuma ba ya daɗewa. Wanda ya wuce wata shida a kwalba a ɗiga shi a kan gilashi a gani, idan ya kwana bai yi tauri ba a zubar.

Idan lallai sai an rina

A ganin mai wannan darasi, a mafi yawan ayyukan ceri barin rini shi ne daidai. Amma akwai lokutan da ba makawa: idan ana so sabon aiki ya dace da tsofaffin kayan da ke ɗaki, ko an haɗa katakai masu launi daban-daban a fuska ɗaya, ko kuma farin gefe ya faɗo a wurin da ba a iya ɓoye shi.

Rinin katako iri biyu ne. Akwai mai garin launi, wanda ƙwayoyinsa ke maƙalewa a ƙofofin katako da cikin karce, kuma mai ruwa-ruwa daga cikinsa shi ne ya fi kowanne jawo dabbare-dabbare a ceri. Idan za a yi amfani da mai garin launi, a zaɓi mai kauri kamar man shafawa, domin kaurinsa yana hana shi nutsewa da yawa. A shafa da tsumma, a goge rarar nan da nan ana bin zare, a yi ɓangare-ɓangare don kada ya bushe a hannu. Iri na biyu shi ne rini mai narkewa gaba ɗaya a ruwa ko a sifirit, wanda ke shiga cikin zaren ya ba shi launi ba tare da ya dusashe shi ba. Wannan ya fi fito da kyawun ceri, musamman idan aka tsinka shi sosai aka shafa sau biyu ko uku har a kai launin da ake so. Mai narkewa a ruwa yana tayar da gashin katako, saboda haka kafin a shafa shi a fara jiƙa fuskar da ruwa mai tsabta, a bar ta ta bushe, a kwantar da gashin da samfefa mai laushi. Aibinsa shi ne hasken rana yana koɗar da shi da daɗewa.

A tuna cewa katakon da ke ƙarƙashin rinin zai ci gaba da yin duhu. Wanda ya rina sabon ceri har ya kai launin da yake so a yau, bayan shekara biyu zai tarar ya zarce, wani lokaci har zaren ya ɓace. Don haka a tsaya tun launin bai kai ba. Wajen farin gefe kuwa akasin haka ake yi: a bi shi shi kaɗai da ƙaramin burushi, a ba shi launi da ya ɗan fi na zuciyar itacen duhu, tun da ita za ta taso ta same shi.

Wasu tsofaffin kafintoci suna tsufar da ceri da ruwan kostik soda, wanda ke mayar da shi ja nan take. Hanyar tana aiki, amma wannan ruwa yana ƙona fata yana kuma makantar da ido, don haka ba a ba mai koyo shawarar gwada ta ba.

Shafen ƙarshe

Zaɓin shafe ya dangana ga aikin da kayan zai yi. Ga ƙaramin akwati, ko firam ɗin hoto, ko abin ado da ba ya haɗuwa da ruwa, mai ya wadatar. Dafaffen man linsid da man tung, waɗanda ake tatsa daga ƙwayoyin tsirrai, su ne aka fi sani, kuma dukansu suna shiga cikin katakon su fito da zurfin launinsa. A shafa man da yawa, a bar shi minti 15 zuwa 20, sannan a goge duk abin da ya rage a sama da busasshen tsumma har fuskar ta daina maiƙo a hannu. Wannan gogewa ita ce sirrin aikin, domin man da aka bari a sama ba ya bushewa da kyau, sai ya zama danƙo mai kama ƙura. A jira aƙalla awa 24 kafin shafe na biyu. Tsantsar man tung yakan buƙaci kwanaki. Shi ma mai yana ɗan fito da duhu-duhu a wasu wurare, amma wannan ba ya kai na rini muni, kuma yakan saje yayin da katakon ke nuna.

Shalak mai ɗan kauri shi ma shafe ne mai kyau a kan ceri, ko shi kaɗai ko a kan man da ya bushe sarai. Yana bushewa da sauri, yana da sauƙin gyara idan ya karce, amma ba ya jure zafi, kuma duk wani abu mai sifirit yana narkar da shi. Saman teburin cin abinci, inda za a ɗora kofi mai zafi ruwa kuma ya zube, yana buƙatar banish. Banish mai haɗin mai yana ƙara wa ceri ɗan ruwan zuma da ke dacewa da shi ƙwarai. Mai haɗin ruwa kuwa garau yake bushewa, har yakan sa ceri ya yi kamar ba shi da rai, sai dai idan an fara shimfiɗa masa shalak marar kaki a ƙasa. Wanda hannunsa bai faɗa da burushi ba yana iya tsinka banish mai haɗin mai da tina rabi da rabi ya shafa da tsumma. Zai buƙaci shafe biyar ko shida a maimakon uku, amma ba zai sami sawun burushi ko zirarar banish ba. Tsakanin shafe da shafe, bayan ya bushe, a bi da samfefa mai lamba 320 ko 400 a hankali, a share ƙurar. A shafa wa ƙasan tebur da cikin murfi kamar yadda aka shafa wa sama, domin idan fuska ɗaya tana shan danshin iska ɗayar ba ta sha, katakon yana iya lanƙwashewa. Banish yakan bushe a hannu cikin kwana guda, amma ƙarfinsa ba ya cika sai bayan kamar wata ɗaya, kuma sai a lokacin ne ya dace a goga masa kaki.

Cokali da faranti da allon yanka, da duk abin da abinci zai taɓa kuma za a riƙa wankewa, ba a rina su ba a kuma yi musu banish, tun da wuƙa za ta farfasa shi. Ana shafa musu farin man ma'adini irin wanda aka tace don amfanin abinci, ko a haɗa shi da kakin zuma, a riƙa sabuntawa duk lokacin da katakon ya nuna bushewa.

Akwai hatsari ɗaya da dole kowane mai koyo ya riƙe. Tsumman da ya sha man linsid ko man tung ko banish mai haɗin mai yana fitar da zafi yayin da man ke bushewa, kuma idan aka dunƙule shi aka jefa a kwando, zafin yana iya taruwa har ya kama da wuta da kansa ba tare da ashana ba. Shagunan kafintoci da gidaje sun ƙone ta wannan hanya. Da an gama aiki a baza kowane tsumma shi kaɗai a waje har ya bushe ya yi tauri, ko a nutsar da shi a gwangwanin ƙarfe mai ruwa a rufe. A yi duk aikin shafe a wuri mai iska, nesa da wuta, da safar hannu.

Aikin gwaji

Kowane ɗalibi ya samo guntun ceri daga ragowar katakon da yake aiki da shi, ya goge shi har lamba 220, ya raba fuskarsa gida huɗu da fensir. Gida na farko a shafa masa rini kai tsaye, na biyu a fara da tsinkakken shalak sannan rini, na uku mai kaɗai, na huɗu a bar shi yadda yake. A rubuta a bayan katakon abin da aka shafa wa kowane gida da kwanan wata. Sannan a rufe rabin tsawon katakon da takarda mai kauri, a ajiye shi a bakin taga, bayan mako biyu a cire takardar a kawo shi aji domin a kwatanta da na sauran ɗalibai kafin kowa ya taɓa ainihin aikinsa.